Karatun Safiya a Bakin Tafkin Kainji: Abinci Ne ko Laya?

 A wannan mako daga Yelwa ta ƙasar Yawuri muke rubuto muku, inda kogin Kwara yake buɗewa ya zama tafkin Kainji. Muna so mu yi magana a kan wani abu da kusan kowace ikkilisiya take yi, amma ba kullum muke tsayawa mu tambayi kanmu dalilinsa ba, watau karatun Littafi Mai Tsarki na kowace rana.

A ƙaramar majami'ar da muke hidima, a wani ƙauyen bakin ruwa kudu da Yelwa, ana kaɗa ƙararrawa da ƙarfe biyar da rabi na asuba. Ƙararrawar ma tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataya a jikin dogon yaro. A lokacin nan masunta suna dawowa daga kwanan ruwa, mata kuwa sun fara hura wutar bandar kifi. Wata rana mukan kai ashirin, wata rana mu bakwai ne kawai, musamman lokacin cirar albasa. Mukan karanta nassin ranar, mu yi ɗan bayani, mu yi addu'a, kowa ya kama gabansa kafin rana ta fito.

Mutum biyu, tambaya ɗaya

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar waɗansu mutum biyu. Na fari wani masunci ne magidanci da ke ajin shirin baftisma. Wata rana bayan an tashi daga aji ya ja mu gefe, ya fito da wani ɗan ƙunshi da aka ɗinke da jar fata, yana murmushi. Ya ce, "Malam, ka ga na yar da na kakanni, na ɗauki na Allah." Ashe wani ne ya gaya masa Zabura ta 91 tana tsare mutum daga kowane haɗari, sai ya sa aka yago masa shafin daga wani tsohon Littafi Mai Tsarki da gara ta fara ci, ya kai wa baduku ya ɗinke, yana ɗaurawa a goshin kwalekwalensa. Muka tambaye shi, "Baba, ka san abin da aka rubuta a ciki?" Ya ce, "Ai ba sai na sani ba, Malam. Tun da na ɗaura shi, ko tsakar dare shiga ruwa nake yi, ko da hadari ya haɗu."

Ta biyu wata dattijuwa ce cikin zumuntar mata, wadda ruwa ya ci ɗanta saurayi a hanyar dawowa daga kasuwa. Yaron nan shi yakan karanta mana nassi in muryarmu ta dushe. Bayan jana'iza uwar ta daina zuwa addu'ar safe. Da muka je gaishe ta, ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, "Malam, ɗan nan bai taɓa fita bai yi karatu ba. Ranar ma sai da ya karanta. To, ina amfanin karatun?"

Ba mu ba ta amsa a ranar ba, gama gidan makoki ba wurin muhawara ba ne. Amma da muka koma gida muka yi ta juya maganar, sai muka ga ita da masuncin nan abu guda suka ɗauka. Dukansu suna gani Maganar Allah wani ciniki ne, ka ba Allah karatu ko ka rataya takarda, shi kuwa ya ba ka tsira daga ruwa. Shi yana murna don a ganinsa ciniki ya faɗa, ita tana kuka don a ganinta an karya alkawari. In kuwa za mu faɗi gaskiya, laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mu masu koyarwa sau da yawa mun bar jama'a da wannan zato, domin ya fi daɗin faɗa a kan bagade.

Ruwan da muke zaune a bakinsa

Wanda bai san ƙasar nan ba ya yiwu ya yi mamakin yadda maganar ruwa ta cika mana baki. An gama gina madatsar Kainji a shekarar 1968. Da ruwa ya taru a bayanta sai ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohon garin Busa, da tsibirai da gonaki masu yawa na ƙasar Yawuri. Wajen mutum 44,000 aka tayar aka sake musu matsuguni. Har yau tsofaffin Gungawa sukan nuna wani wuri a tsakiyar ruwa su ce can gidan ubansu yake. Itatuwan da ruwan ya rufe kuwa ba duka aka sare ba, kututturansu suna nan a ƙarƙashi, su ne suke fasa jirgin da matuƙinsa bai san hanya ba, ko wanda ya taso da dare.

Ga Gungawa da Sarkawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Hausawan da ke zaune daga Shanga har Ngaski, ruwan nan shi ne gona, shi ne kuma hanya. A cikinsa ake kama giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da warangi, a gaɓarsa ake noman albasa da shinkafa, ta kansa ake ƙetarewa zuwa kasuwannin Jihar Neja. Shi ne har wa yau yake cin mutane. Ba wanda ya manta da ranar Laraba 26 ga Mayu 2021, sa'ad da wani babban jirgin katako ya nutse tsakanin gaɓar Jihar Neja da garin Wara. Mutanen da ke ciki sun haura 150, da yawa cikinsu mata ne da yara, waɗanda aka ciro da rai kuwa kima ne. Hukuma ta ce lodin ya fi ƙarfin jirgin. Ba a yi wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, 'yan matan ƙarshe ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023. Musulmi da Kirista tare muka yi kuka a waccan shekara.

Saboda haka in mutumin Yawuri ya ji kalmar nan ta ceto, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne hannun da zai fisge shi daga ruwa ko daga daji. Wannan ba abin zargi ba ne. Almajiran Yesu na fari ma masunta ne a tekun Galili, wanda tsawonsa wajen kilomita 21 ne, ƙarami ƙwarai in aka gwada da namu, amma sun san tsoron iska da raƙuman ruwa kamar yadda muka sani. Sai dai ya kamata mu bar Littafin da kansa ya gaya mana irin alkawarin da ya yi, kada mu ɗora masa wanda bai yi ba.

Da aka mai da abu mai tsarki laya

A cikin littafin Sama'ila na fari, sura 4, Filistiyawa suka ci Isra'ilawa da yaƙi, suka kashe musu wajen mutum 4,000. Maimakon dattawa su binciki zunubin da ke tsakaninsu, sai suka yanke shawara a je Shilo a ɗauko akwatin alkawari a kawo shi bakin dāga. A zatonsu in akwatin yana wurin, dole Allah ya yi musu yaƙi. Aka kawo shi da sowa har ƙasa ta girgiza. Ƙarshenta mutum 30,000 suka faɗi, 'ya'yan Eli biyu suka mutu, akwatin kansa abokan gaba suka tafi da shi. Ba abin da ya fi akwatin nan tsarki a dukan Isra'ila, duk da haka Allah bai yarda a ɗauke shi kamar guru ba.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, ita wannan Zabura ta 91 da ɗan'uwanmu ya ɗinke cikin fata, ita ce Iblis ya ɗauko sa'ad da yake gwada Ubangijinmu. A Matiyu sura 4 ya kai shi kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro ƙasa tun da an yi alkawarin mala'iku za su tallafe shi. Yesu bai musa Zaburar ba, amma ya amsa da wani nassi daga Maimaitawar Shari'a wanda ya hana a gwada Allah. Watau mutum yana iya riƙe da aya ta gaskiya a hannu, alhali shawarar Shaiɗan yake bi. Wanda ya ga hadari ya haɗu a gabas, ya tura kwalekwale cikin duhu yana taƙama da takardar da ke goshin jirgi, ba shi da bambanci da mai dirowa daga kan Haikali.

Darasi daga jirgin Bulus

Babu surar da jama'armu suke sauraro da kunne biyu kamar Ayyukan Manzanni sura 27. Da muka karanta ta a addu'ar safe, kwana uku muka yi a kanta, har waɗanda ba su saba zuwa ba suka zo. Labarin jirgi ne na Iskandariya, ɗauke da alkama da mutum 276, a kan hanyar Roma. Tun kafin a tashi daga tsibirin Karita Bulus ya yi gargaɗi cewa lokacin tafiya ya wuce, za a yi hasarar kaya da ta rayuka. Amma jarumin sojan da ke tsaronsa ya fi yarda da maganar matuƙi da ta mai jirgin. Da muka kai wannan wuri wani tsohon masunci ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai har yau haka ne. Mai jirgi kuɗin lodi yake gani."

Guguwa ta same su, suka yi kwana 14 ba su san inda suke ba. A tsakiyar wannan masifa Allah ya aiko mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba ran da zai salwanta, sai dai jirgin. Bulus ya gaskata, ya kuma faɗa a gaban kowa. To, ku dubi abin da mai bangaskiyan nan ya yi bayan ya karɓi alkawari. Da ma'aikatan jirgin suka so su sulale cikin ƙaramin kwalekwale, shi ya tona su, ya ce in ba su tsaya ba sauran ba za su tsira ba. Da ya ga mutane sun galabaita, ya ɗauki gurasa ya yi godiya ya ci, ya sa kowa ya ci don a sami ƙarfi. Bayan haka suka zubar da alkamar a teku don jirgi ya yi sauƙi. Da jirgin ya farfashe, masu iya iyo suka fara faɗawa, sauran suka kama katako da tarkacen jirgi, da haka kowa ya kai gaɓar Malita.

Alkawarin Allah bai hana Bulus yin gargaɗi ba, bai hana a rage lodi ba, bai hana a kama katako ba. Da katakon nan ne ma Allah ya cika alkawarinsa. Saboda haka rigar ruwa ba alamar rashin bangaskiya ba ce. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Kirista mai karanta Littafinsa ya kamata ya zama na fari wajen kiyaye wannan, ya kuma zama mai ƙarfin halin sauka daga jirgi in ya ga ruwa ya kusa bakin katako, ko da za a yi masa dariya a tasha.

To, wane irin ceto aka yi mana alkawari?

Wannan ya isa amsa ga masuncinmu, amma bai isa ga uwar da ta rasa ɗa ba. Ɗanta bai yi ganganci ba, kuɗin jirgi ya biya kamar kowa, ya zauna inda aka nuna masa. Akwai masu raɗa a gari suna cewa ruwa ba ya cin mutum banza, sai da wani ɓoyayyen laifi. Ubangijinmu ya rufe bakin masu irin wannan magana a Luka sura 13. Ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce sam ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, ya juyo da maganar kan masu sauraro, cewa kowa ya tuba tun yana da sauran numfashi. Waɗanda suka nutse a Wara ba su fi mu da muka kwana a gida zunubi ba.

Shi Bulus da ya tsira a Malita, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura 11, ya lissafta cewa sau uku jirgi ya fashe da shi, ya taɓa kwana ya yini a kan teku, ban da bulala da jifa da kurkuku. Tarihin ikkilisiya kuma ya nuna a Roma aka kashe shi saboda bishara. Yakubu ɗan'uwan Yahaya, wanda yake cikin jirgin da Yesu ya tsawata wa iska a Markus sura 4, da takobin Hirudus ya mutu. Ashe ba a yi wa ko manzanni alkawarin cewa jikinsu ba zai taɓu ba. Samarin nan uku na littafin Daniyel sura 3 sun gane wannan sarai. Sun gaya wa sarki Allahnsu yana da ikon fid da su daga wuta, in ma bai fid da su ba, ba za su rusuna wa gunki ba.

Ceton da bishara take shela ya fi zurfin tafki. Shi ne gafarar zunubi, da sulhu da Allah, da rai madawwami, ta wurin mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu. A Afisawa sura 2 Bulus ya nuna wannan ceto kyauta ce daga hannun Allah, ba ladan aikin kowa ba ne, har da aikin karatu. Ko mutum ya haddace Littafin daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya, ba da haddarsa zai sayi sama ba. Bangaskiya hannu ce kawai da ake miƙawa a karɓa. Ku tuna da Bitrus a Matiyu sura 14. Masunci ne, ya san ruwa, amma da ya fara nutsewa ba iyonsa ya cece shi ba, ba kuma ƙarfin bangaskiyarsa ba, gama Yesu da kansa ya ce ƙarama ce. Kuka ya yi, Ubangiji ya miƙa hannu ya kama shi.

Wannan hannu ba ya saki, ko a cikin mutuwa. Ƙarshen Romawa sura 8 ya jera abubuwan da mutum yake tsoro, wahala da yunwa da haɗari da takobi da mutuwa kanta, ya tabbatar ba ɗaya a cikinsu da zai iya shiga tsakanin mai bi da ƙaunar Allah. Ruwa ya karɓi jikin yaron nan, amma bai iya ƙwace shi daga hannun Mai Cetonsa ba. Karatun da ya yi a safiyar ranar bai tafi a banza ba. Shi ya tuna masa ko shi na wane ne, sa'o'i kaɗan kafin ya bukaci sanin haka fiye da kome.

Me ya sa sai kullum?

In karatu ba ya sayen ceto, ba ya kuma hana jirgi kifewa, don me za mu tashi da asuba? Domin bangaskiya aba ce mai rai, abu mai rai kuwa ci yake yi. Romawa 10:17 ta nuna ta kunne bangaskiya take shiga, sa'ad da aka ji maganar Almasihu. A Fitowa sura 16 Allah ya ciyar da Isra'ilawa da manna shekara 40, amma mudu guda ga kowane mutum a kowace safiya. Waɗanda suka ɓoye don gobe suka tarar ta yi tsutsa tana wari, sai a rana ta shida kaɗai aka yarda a tara na kwana biyu saboda Asabar. Allah yana da ikon zubo musu na shekara guda a lokaci ɗaya, amma ya so su riƙa fitowa kowace safiya suna dogara gare shi. Wa'azin Lahadi kaɗai ba zai riƙe mutum har Asabar ba, kamar yadda tuwon Kirsimeti ba ya kai mutum Ista.

Sau da yawa wani yakan ce mana, "Malam, na karanta yau ban ji kome ba." Mu mutanen bakin Kwara bai kamata wannan ya dame mu ba, gama mun san kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda yake zuwa da damina daga ruwan saman da aka yi a kusa da mu. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake isowa da sanyin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Ruwan sama ne da aka yi can a duwatsun ƙasar Gini watanni da suka wuce, ya bi ta fadamun Mali a hankali, ya tace, sa'an nan ya iso mana da rani. Karatun kowace rana haka yake. Wani yakan taɓa zuciya nan take. Wani kuwa sai bayan wata shida ko shekara goma, a ɗakin asibiti ko a bakin kabari, mutum ya ji ayar da ya karanta tun tuni ta taso masa. Ba a fafe gora ranar tafiya, da yayyafi kuma kogi kan cika.

Yadda za mu kama hanya

Waɗanda suka riga mu sun sha wahala kafin Littafin nan ya zo hannunmu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa karo na fari a 1932, aikin da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a ƙasar Zazzau ya ɗauki babban rabo a ciki. Sabuwar fassara ta fito a 1979. Mishan ɗin da A. W. Banfield ya fara a Shonga a 1905, wanda ya haifi ikkilisiyar UMCA, shi ya kai Salka da Zuru da Yelwa, a Salka kuma an yi aikin juya Sabon Alkawari zuwa harsunan Kambari. Yau ga Littafin a takarda, ga shi a wayar hannu, har da na sauraro ga wanda bai iya karatu ba. Abin kunya ne a ce ya zauna a ƙasan akwati tare da zannuwan biki.

Ba sai kowa ya bi tsari ɗaya ba. 'Yan'uwanmu Katolika na Dayosis ɗin Kontagora suna da jerin karatu na kowace rana, na Lahadi yana zagayowa cikin shekara uku, na ranakun mako cikin shekara biyu. Na ECWA suna da ɗan littafin nan Abincin Yini. Wanda ba shi da ko ɗaya, ga hanya mai sauƙi. Sabon Alkawari sura 260 ne. In mutum ya karanta sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, zai gama shi daidai cikin mako 52. Ga sabon shiga muna ba da shawara ya fara da Markus, sura 16 ce kawai, labarin jirgi da taru da kifi kuma ya cika ta.

A karanta da ƙarfi, a gaban iyali, kafin a watse. In maigida bai yi makaranta ba, ya sa ɗansa ko 'yarsa ta firamare ta karanta, shi ya yi addu'a, wannan ba ya rage masa girma. In Hausa ta yi wa tsohuwa nauyi, a maimaita mata da harshen gida. Bayan karatu a yi tambaya uku: me wannan ya nuna mana game da Allah, me ya tona a cikinmu, me za mu yi yau saboda shi? Abin da ba a gane ba a riƙe shi a kawo wa fasto ko katikis ko mai bishara. Babban ma'aikacin nan na Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8 yana karanta Ishaya bai gane ba, bai kuwa ji kunyar roƙon Filibus ya hau karusa ya bayyana masa ba. Mu masu koyarwa kuma a gwada maganarmu da Littafin, kamar yadda mutanen Biriya suka riƙa yi wa Bulus kowace rana a sura 17. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya ba ku aya ko mai ko ruwan da zai hana ku haɗari, ku buɗe Littafin a gabansa ku ce ya nuna muku wurin.

Inda maganar ta tsaya

Masuncinmu bai ji daɗi ba da muka ce ya kawo ƙunshin nan. Mako biyu yana kauce mana. Daga baya ya zo da kansa, muka sa reza muka farke ɗinkin a gabansa, muka warware takardar, ruwa ya riga ya ci gefenta. Muka karanta masa Zaburar daga fari har ƙarshe. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe magana ce, Malam. Ni na zaci magani ne." Yanzu yana ajin yaƙi da jahilci na yammacin Talata, ya kai ga haɗa baƙi da wasali. Ya sayi rigar ruwa guda ɗaya, shi da ɗansa suna karɓa-karɓa, ya ce in kakar warangi ta yi kyau zai ƙara ta biyu.

Dattijuwar kuwa wata biyar ta yi ba ta taka majami'a da asuba ba. Matan zumunta suka riƙa zuwa gidanta bi da bi, su taya ta surfe, su karanta mata aya biyu ko uku, su tafi. Wata safiya muka ɗaga kai muka gan ta a bencin baya. Ba ta ce ta sami amsar dukan tambayarta ba, mu ma ba mu ce mun ba ta ba. Abin da ta roƙa kawai shi ne a ba ta Littafin ɗanta, wanda ya bari a kan tagar majami'a, jikarta ta riƙa karanta mata wuraren da ya ja wa layi.

'Yan'uwa, gobe da asuba za a sake kaɗa ƙararrawa, a nan bakin tafki da can inda kuke. Wanda ya daɗe bai buɗe Littafinsa ba ya kakkaɓe ƙurar ya fara daga Markus sura 1. Wanda ya rataya shi ya sauko da shi ya karanta. Ubangiji ya kiyaye masu shiga ruwa da masu bin hanya, ya ta'azantar da dukan gidajen da ke makoki a ƙasar Yawuri, ya ba mu yunwar Maganarsa kowace safiya. Amin.